Albarka

Sallau dillali ya zagaye ta sau uku
a gindin gadar Kwangila, hannuwa a baya,
kamar mai duba akuyar da bai yi niyyar saye ba.
Ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya kasa kunne.
"Malam, nan an yi ciko."
Na ce an yi.
Ɗan acaba ne ya shige ta a PZ
shekarar da Ladidi ta haifi auta.
Bai tambayi shekarar ba.

Ya buɗe bonet, ya zaro ƙarfen gwajin mai,
ya murza baƙin tsakanin yatsu biyu.
Ya ce a tayar. Ta yi tari, ta sake tari,
a na uku ta amsa.
Kullum a na uku take amsawa.
Ban taɓa ɗaukar wannan aibi ba,
ni ma da asuba sai an tashe ni sau uku.

Sai ya fara ƙirga:
gilashin baya da hannu ake tallafa shi,
agogon tafiya ya daɗe da yin shiru,
kujerar direba ta lotsa daidai zaman mutum guda,
giyar hannu ce, yaran yanzu ba sa so,
kuma ta yi ƙanƙanta ga haya,
fasinja huɗu da buhun barkono sun gama da ita.
Duk aibin da ya ambata sai ya yanke dubu hamsin,
har na fara tsoron ni zan biya shi.

Akwai tabo a kujerar baya, shi ma ya gani.
Bai san daren da aka yi shi ba,
ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanyar Shika ba kowa,
Inna a kwance kan cinyar Ladidi,
wannan 'yar mitsitsiyar tana ratsa kududdufi
inda manyan motoci suka tsaya jiran gari ya waye.
Shekara goma sha shida daga Tudun Jukun zuwa Kongo,
man galan guda ya kai mu Laraba.
Wannan ba ya shiga ciniki.

"Dubu ɗari tara," in ji shi, "ban da la'ada."
Dubu ɗari huɗu da ashirin na saye ta,
bashin ƙungiyar ma'aikata, wata talatin ina biya.
"Ka gani? Ninki biyu! Wa ya ce mota asara ce?"
Na yi shiru, ina lissafi da masara.
Kuɗin wancan lokaci buhu ɗari ne har da ɗoriya,
na yau ko ashirin ba su kai ba.
Ashe ba ita kaɗai ta tsufa ba,
kuɗin sun riga ta furfura.

Jatau bakanike ya ja ni gefe:
"A yanke ta fi tsada, Malam.
Inji daban, ƙofofi daban, sauran na 'yan gwangwan."
Ya faɗa da murya ƙasa-ƙasa,
sai ka ce ya san tana ji.

Na ce wa Sallau albarka.
Ya biyo ni har taga: "Na ƙara ashirin!"
Albarka.
A na uku ta tashi, muka kama hanyar gida.

Amma takardar kuɗin makarantar auta
tana aljihuna, ninki huɗu,
kuma Litinin ba ta da nisa.
Bayan isha'i na ɗauki tocila
na shiga kwashe abin da ba na sayarwa ba:
carbi, tsofaffin rasit, katin asibitin Inna.
A ƙarƙashin kujera hannuna ya taɓo
takalmin roba, ƙafar hagu, na ɗan shekara biyu,
wanda muka juye gida muna nema.
Mai shi yanzu ya fi ni tsawo.