Baƙon Gidanmu a Nazaré

Kakana Amílcar ya rataye koma,
wata uku bai leƙa teku ba.
Aka ce tsufa ne.

Innata Graciete kan sayar da kifi
da dariya a baki,
ta dawo ta kulle banɗaki,
ta saki famfo ya haɗiye kukanta.

Ni kuwa, ɗan shekara tara,
kullum safiya cikina ke murɗawa.
Ƙwallona ta sace a ƙarƙashin gado.
Malam ya ce ƙiwa ce.

Sai da furfura ta tsiro mini
likita ta faɗi sunansa: ciwon damuwa.
Na ce, ai na san shi.
Kwano ɗaya muka ci.
Riga kawai yake sauyawa.