Goma Sha Ɗaya

Kafin ladanin Bilbis ya gyara murya
na riga na naɗe kunnuwa da rawani,
na tura keke zuwa filin jirgi,
inda farin akwati ke tsaye bisa ƙafa huɗu
kamar rumbun da ba a taɓa zuba wa hatsi ba.
Na buɗe, na haska tocila.
Zaren azurfa ya kwanta a goma sha ɗaya.
Na rubuta.
Shekara talatin ke nan ina rubutawa.

A hanyar komawa Nomau mai shayi ya tare ni:
"Malam Asumana, gobe tukunya ɗaya ko biyu?"
Na ce biyu, ka ƙara citta.
Masu albasar Galmi na son irin wannan labari,
sanyi ne ke ɗaura wa albasa kai.
Masuntan Tabalak kuwa tsaki suke ja,
kifi ya nutse ƙasa, ya ƙi gaisuwa.

Ba kullum nake dacewa ba.
Wata shekara na ce ɗari zai kwana goma,
ya kwana biyu ya kama hanyarsa.
Har yau mai gwanjon bakin kasuwa
da hanci yake amsa sallamata:
rigunan sanyinsa arba'in suka shekara a buhu.

Jiya da dare Bibata ta aiko murya
daga ƙasar da ta tafi karatun sama,
ita da na koya wa karanta ma'auni
tana tsaye bisa bulo.
"Baba, mun duba taswira.
Gobe dusar ƙanƙara har gwiwa,
jibi kuma wadda ta fi ta mugunta:
ruwa zai zubo, ruwa sak,
yana taɓa ƙasa ya zama gilashi.
Reshe zai karye don nauyin ƙyalli,
wayar lantarki ta tsinke,
mota ta manta inda ta nufa.
Ashirin ƙasa da sifili, Baba. Kada ku damu."

Uwarta ta ajiye ludayi.
"Ƙasa da babu, akwai wani abu ne?"
Na ce akwai, bashi.
"To wa ke biya?"
Na yi shiru.

Ta ce in faɗa mata sunan ruwan da Hausa.
Na lalube baki, ban samu ba.
Na san ƙanƙarar damina mai jifan gero,
na san ta kanti da ake layi a kanta da azumi,
amma ruwan da zai sauko da taushi
ya rungume abin da ya taɓa, ya ƙi saki?
Na ce, kin san maganar da ake faɗa da murmushi,
sai an juya baya ta daskare a ƙirji?
Ta ce, "Na sani.
Irin 'ba zan daɗe ba' ɗin da ta ce a tasha."

Ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado,
ta fito da sakalar aurenmu,
ta kakkaɓe, ta ninke huɗu,
ta cusa ƙullin yaji a tsakiya,
ta ce gobe in tambayo kuɗin aike.
Na san kafin sakala ta isa
ƙanƙara ta narke, itatuwa sun yi toho.
Wannan hasashen na riƙe shi a baki.

Yau da asuba zaren ya sauka goma.
Na rubuta goma da biro.
A gefen shafi, inda sufeto ba ya dubawa,
na sa nata ashirin da fensir.
Sannan na kira gidan rediyo:
Jama'ar Adar, daren yau zai fi na jiya,
a rufe yara, a shigar da 'yan awaki,
kada a kwana da garwashi ƙofa rufe.
Mai gabatarwa ya ce, "Shi ke nan, Malam?"
Na dubi fensir.
Na ce, na wajenmu, shi ke nan.