Azara Ta Tara

Naira ɗari biyar na biya a bakin ƙofa.
Yarinyar ta yago tikiti, ta ce, "Baba, a shiga lafiya."
Na yi dariya har Dudu ta ja mini riga.
Gidan da kakana ya sayar da akuya biyu kafin ya fita,
yau ni ne da biyan kuɗin shiga.

Barikin itace ne, a tudun da ke leƙen Gongola,
tafiya kaɗan daga Nafada.
Shingen ƙirya, tsininsa sama kamar haƙoran kada,
an shafe shi da baƙin mai saboda gara.
Ni kafinta ne. Shekara arba'in ina jan zarto,
ba na shiga ɗaki ban dubi rufinsa ba.

A fili samari shida, kaki da jar dara,
suna dukan ƙasa da ƙafa,
sun saɓa bindigogin da ba su da kunama.
Mai daka musu tsawa
Manu ne, ɗan maƙwabcina, mai gyaran waya a tasha.
Ya hango ni, ya rasa ta yi:
ya durƙusa ya gaishe ni, ko ya ci gaba da zama saje?
Sai ya rusuna da ido kawai,
wayarsa na ruri a aljihun wandon zamanin Turawa.

Ga ofishin Di'o: tebur, tawada, hular kwano a rataye.
An zaunar da wani farin malami yana karɓar haraji.
'Yan makaranta sun yi layi,
an raba musu anini mai huji,
su miƙa, a buga musu hatimi, su fito suna tsalle.
Ba a shanya kowa a rana don nasa bai cika ba.
Can gefe wata baiwar Allah na daka,
turmi ba ko tsaba.
Ta ce mini ƙarfe huɗu take tashi.

A gadurum na ɗaga kai.

Gimba, kakana, sanƙonsa ba na tsufa ba ne.
Gammo ne ya cinye gashin
tun yana saurayi bai ajiye iyali ba.
Giginya suka sara a fadama, suka tsaga,
su takwas, yini uku, ba ladan ko goro ɗaya.
Ya ce da dare ya ari gizago
ya yi wa guda tsaga irin ta fuskarsa,
uku a tsaye, ɗaya a gicciye,
don in ya mutu a can, wani abu nasa ya saura.
Muna yara mun ɗauka tatsuniya ce.

Na ƙirga daga ƙofa.
Shida. Bakwai. Yana ta rufe ta takwas.
Ta tara.

Allon bango ya ce wani kyaftin ne ya gina,
har da shekarar da zazzaɓi ya kashe dokinsa.
Ƙasa da shi, da jan fenti: Kada a taɓa.

Na ɗora Dudu a wuya, gwiwata na ƙara.
Ta sa yatsa a tsagar, ta bi ta har ƙarshe,
ta ce, "Kaka, wa ya ɓata musu katako?"
Manu na tsaye a ƙofa da sandarsa.
Ya juya, ya shiga ƙirga tsuntsaye.

Da za mu fita na tsaya wurin mai kula da gidan.
Na ce ƙyauren da kuka sauya bara katakon kasuwa ne,
gara ta riga ta yi gida,
ba zai ga damina biyu ba.
Azarar kuwa ku bar ta, za ta binne ni da kai.
Ya tambayi nawa zan yi.
Mun ja, mun saki, mun daidaita.

Ran Talata zan dawo da zarto da guduma.
Na ce masa rabin kuɗi a hannu
kafin in ɗaga ko ƙusa.