Mai Gyaran Taru

Kowace yamma a bakin ruwan Yawuri
Baba Jatau kan shimfiɗa taru bisa gwiwa,
yana bin sa ido-ido da yatsa.
Inda giwan ruwa ya yaga, sai ya datse,
ya dubi idon da ke kusa, ya ƙulla irinsa.
"Ɓarakar da ta kwana," in ji shi,
"gobe kada zai bi ta cikinta."

Yau ni ce zaune da farar riga
a ɗakin gwaji a Birnin Kebbi,
ɗan yankin hanjinsa a kan gilashi,
an rina shi ja da shuɗi.

Baba, ga abin da suka koya mini:
cikin kowace ƙwayar jikinka akwai zare,
tufka biyu, kowace ta san 'yar'uwarta,
rubutu ne da haruffa huɗu kacal.
Duk sanda ƙwaya za ta rabu biyu
sai an kwafe shi kaf,
kuma mai kwafi, komai gwanintarsa, yakan yi tuntuɓe.
Rana ma tana ƙona shi, hayaƙi yana cin sa.

Amma akwai irinka a ciki,
masu gyara, ba sa barci, ba a biyan su.
Su bi zaren, su ji ƙulli,
su yanke, su dubi ɗaya tufkar, su mayar.
In ɓarnar ta fi ƙarfinsu
ƙwayar takan kwanta ta mutu da kanta
don sauran su tsira.

To, ranar da kuskuren ya faɗa
kan rubutun masu gyaran fa?
Wa zai ɗinke mai ɗinki?
Ɓaraka ta kwana, ta haifi ɓaraka,
ƙwaya ta manta kalmar "tsaya",
ta yi ta haihuwa kamar kainuwa a damina
har ta toshe mashigi.
Shi ne sankara.

Da na faɗa masa, bai ce uffan ba.
Ya juya tafin hannunsa mai kanta, ya dube shi.
"Shekara saba'in da ɗaya suna yi mini aiki,
ban taɓa ce musu sannu ba?"

Ranar Talata za a yi masa aiki.
Ya ce in zo masa da tarun,
akwai ido uku da bai gama ba.