An Sallame Ni, Ba a Wanke Ni Ba

Wata sha huɗu na kwana a gidan yarin Ringim
kan injin ban-ruwan Alhaji Tukur,
wanda ya ɓace a fadamar Dabi daren wata Talata,
injin da ko igiyarsa ban taɓa ja ba.

Ran wata Litinin aka kira sunana.
Mai gabatar da ƙara ya miƙe,
siriri, mai tabarau, biro a bayan kunne.
Ya buɗe fayil, ya rufe fayil,
ya ce, "Ya mai shari'a, mun janye."
Ko atishawa ba ta fi wannan gajarta ba.

Wai shaida ɗaya ya tafi ci-rani Fatakwal,
ɗaya ya rasu da damina,
wai takarda ta iso daga Dutse
ta ce an tankaɗe zancen, an rairaye,
ba a sami tsaba ba.

Alƙali na rubutu, bai ɗago ba.

Na tari magatakarda a ƙarƙashin dalbejiya,
na ce, "Ranka ya daɗe, wato na fita ke nan?"
Ya ce, "Ilu, ƙofa aka buɗe maka.
In sun ga sabon sawu, suna iya dawowa.
Sallama ce wannan, ba wankewa ba."

Da kuɗin aro na hau babur zuwa gida.
An cire albasa sau biyu ba da ni ba.
Hansatu ta sayar da tunkiya, ta sayar da tasoshin aurenta,
duk sun shige aljihun hanyar kotu.
'Yar da na bari tana rarrafe
ta tsaya a bakin zaure da ƙafafunta,
ta dube ni, ta ruga bayan turmi,
ba ta san ni ba.

Da magariba na je masallaci.
An yi mini barka, an yi mini jaje,
amma na ga Malam Hudu ya koma ƙofa
ya ɗauki takalminsa ya sa a hammata.
Ban ce komai ba.

Alhaji ya sayi sabon inji tuni.
Ina jin kukansa har cikin ɗakina.

Takardar tana nan cikin gafaka.
Ɗan ƙanena ya karanta mini sau uku:
an janye, an janye, an janye.
To, ƙaya ce aka janye,
tsininta ya karye a tafin ƙafa,
kuma a duk Dutse
ba a naɗa mai cire shi ba.