Mitar Bango

Shekara talatin ina gyaran rediyo a Jekadafari.
Mitar da na sani ta gajeren zango ce:
ka murɗa allura, wani ya yi maka sallama daga bayan teku.
Yanzu ga wata mita an kafa mana a bango,
farin akwati, ba baki,
amma Hajjo ta ce tana magana.

Ta dawo hutu da wani abu kamar ɗan yatsa,
ta soka shi a kwamfuta.
Ni na lanƙwasa mata eriya da wayar tagulla,
na auna da taƙi, na datse.

Bayan isha muka zauna a tabarma.
Allon ya cika da shuɗin yayyafi,
ƙarar kamar ana suyar gyaɗa a maƙwabta.
Can sai cirit,
ɗan zane rawaya ya faɗo, ya wuce.
Na ce gyare ne.
Ta ce, Baba, ƙirga.
Na ja carbi a hankali: talatin da uku, cirit.
Talatin da uku, cirit.
Gyare ba ya cika alƙawari haka.

Ta ja sautin ya yi tsawo,
sai ga murya biyu a ciki, siririya da kakkaura,
suna karɓeɓeniya.
Farkon kullum iri ɗaya, gaisuwa ke nan.
Sai suna.
Sai lissafin wutar da aka sha.

To, bakuna biyar ne ke cirit a unguwar.
Wanne ne namu?
Ilimin boko ya yi shiru.
Na shiga madafi, na ɗauko tukunyar tuwon uwarta,
na kife a kan akwatin.
Hajjo ta ce, ɗaya ya dishe!
Na ɗage, ya dawo garau.
Uwarta na faɗa daga ɗaki, mu muna tafawa.

Uku muka gane da tafiya, eriya a hannu:
mai niƙa, gidan haya, shagon aski.
Na biyar ɗin can ƙasa yake, da ƙyar.
Muka bi shi har ƙarshen lungu,
yana ƙara ƙarfi,
har ƙofar Bappayo Tela,
wadda kwaɗo ke rataye a kanta tun daminar da muka kai shi.

Muka tsaya.
Cirit.
Hajjo ta duba: lambar ba ta motsa ba.
Na sake jan carbin,
wannan karon ba ƙirga nake yi ba.