Makulli Biyu, Kuɗin Ɗaya

Asabar uku muna yawo da igiyar awo,
ni da Amílcar, yara biyu a baya,
dillali a gaba yana kaɗa makullai kamar mai kiran kaji.

Na farko a Graça yake, kan tudun Lisbon,
hawa na huɗu, matakala sittin da biyu,
Benedita ce ta ƙirga, ta faɗa tana haki.
Ɗaki biyu da rabi. Rabin nan
ko kyanwa ta shiga, da baya za ta fito.
Bango ya sha damina har ya zana taswira.
Amma buɗe taga ka ji:
ƙamshin burodin Senhor Horácio ke fara gaishe ka,
tarago mai ruwan ɗorawa na ƙugi a kwana,
igiyar shanyarmu za ta yi hira da ta maƙwabta,
ga uwata can, lungu biyu kacal,
in na yi atishawa ita za ta amsa.

Kuɗinsa kuwa, a takarda dillali ya rubuta.
Bakinsa ma ya ji nauyin furtawa.

Na biyu sai an haye kogin Tejo,
can Montijo, inda kwalta ke ƙarewa cikin ciyawa.
Ɗaki huɗu, tsakar gida,
bishiyar lemun tsami ta yi 'ya'ya har ta gaji, babu mai tsinka.
Vasco ya ruga daga katanga zuwa katanga,
bai ture kowa ba, ba wanda ya ce masa "a hankali".
Shekararsa bakwai,
sai ranar na san ɗana yana da gudu.

Sai dai shirun wurin ya yi mini yawa.
Minti goma ina tsaye a ƙofa, kare ɗaya ya wuce.
Gishiri ma sai an tada mota.
Asibitin da nake aiki
ya zama farin ɗigo a ƙetaren ruwa.

Da dare muka baje takardu a teburin cin abinci.
Shi yana lissafin banki, shekara talatin,
ni ina nawa lissafin:
jirgin ruwan ƙarfe shida da kwata,
awa guda zuwa, awa guda dawowa,
a shekara kwana ashirin ke nan cur
da zan ba kogi, in hana 'ya'yana.
Ya ce, a can za su sami fili.
Na ce, a nan za su same mu.
Ya ce, ina? Bashin nan zai cinye mana har Lahadi.
Muka yi tsit. Firji ya ci gaba da gunaguninsa.

Duk wanda ya ce zaɓi daɗi ne
bai taɓa riƙe makulli biyu da kuɗin ɗaya ba.

Uwata ce ta raba gardama, tana ɓarar wake, ko ɗago kai ba ta yi ba:
"Dulce, kada ki fake da ni.
Gwiwata ta yi sallama da matakala talatin,
balle sittin da biyu.
Shekara arba'in ina leƙen ƙetaren nan ta taga,
ban taɓa taka shi ba.
Ku sayi mai lemun. Ɗakin ƙasa nawa ne."

Ran Talata muka sa hannu
da alƙalamin banki mai sarƙa a wuya.

Yanzu da asuba nakan tsaya a goshin jirgi,
kofi a hannu, lemo biyu a aljihu na Senhor Horácio,
birnin da ya haife ni yana tasowa daga ruwa,
jan rufi bisa jan rufi, fitilu na mutuwa ɗai-ɗai.
Shekara talatin da takwas ina cikin cikinsa,
ashe ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Ban ce kewa ta sake ni ba.
Wani daren kunnena kan jira ƙugin tarago,
ya jira, ya jira,
sai ya ji tarin uwata a ɗakin ƙasa,
da lemo guda da ya faɗo kan rufin mota.